Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsohuwar Mota

A ma'aunin ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa masu adana motocin tarihi na duniya, mota tana shiga sahun na tarihi idan ta kai shekara 30 da ƙerawa, aka riƙe ta a kan kamanninta na asali, kuma ba ita ce ta zirga-zirgar yau da kullum ba. Ta fuskar shekaru, wannan ya haɗa da yawancin motocin da suka cika titunan Najeriya da Nijar daga 1960 zuwa 1990: Fijo 404 da 504 da 505, Boksuwaja Bitil, Marsandi 200 da 230, Datsun da Landiroba. Da yawa daga cikinsu sun faɗi sharaɗi na uku, domin har yanzu suna lodin fasinja ko buhunan hatsi. Wannan bai dami mai ɗaukar hoto ba. Motar da ke aiki ta fi wadda aka kulle a gareji abin nunawa.

Fijo 504 ce za ta zama misali a yawancin bayanin nan, saboda ita ce motar farko a gidaje masu yawa a Arewa. An fito da ita a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, ta kuma ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka. Ita gwamnati ta riƙa saya wa ma'aikatu, ita malamin makaranta ko akawu ke saya da bashin mota, ita ce kuma wagon mai layi uku na kujeru da ke tashi daga Kano zuwa Jos ko Maiduguri. Saboda haka mutumin da ya kira mai hoto ya ɗauki 504 ɗinsa ba talla yake son yi ba. Akasari yana son a kama masa wani zamani ne na rayuwarsa, kuma aikin yana da fuska biyu: a nuna surar motar yadda maƙeranta suka nufa, a kuma nuna alamun da shekaru da mai ita suka bari a jikinta.

Hira da mai mota

Aikin yana farawa da zama da mai motar, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ɗauka. Ana tambayarsa shekarar da ya saye ta da inda ya saya, launinta na asali, abin da aka canja a jikinta, da tafiyar da ya fi tunawa. Daga amsoshinsa ake fitar da jerin hotunan da za a ɗauka. Wani zai ambaci lotsawar da ke bayan bamba, wadda ya yi ranar da yake koyon ribas. Wani zai nuna tasbahar da ke rataye a madubi tun mahaifinsa na da rai, ko addu'ar tafiya da aka liƙa a dashbod har rana ta cinye rubutun. Baƙo ba zai lura da waɗannan ba, alhali su ne motar a wurin mai ita.

Akwai wani abu da masu hoto kan manta: mai mota ya fi daɗewa yana kallonta daga ciki. Masu wucewa ne ke ganin gefenta. Shi abin da ya zauna masa a rai shi ne sitiyari, da allurar mai, da yadda bonet ke shimfiɗe a gabansa ta cikin gilashi. Hoton da aka ɗauka daga kujerar direba, a daidai tsayin idonsa, yakan fi taɓa shi a kan kowane hoton waje, komai kyansa.

A wannan zaman ne kuma ake sanin ko motar na tashi, ko birkinta na kamawa, ko batir zai jure a bar fitilu a kunne na minti goma. Idan ba ta motsi, duk shirin haske da wuri sai ya koma inda take tsaye.

Wanki da shiri

Ana wanke mota da yammacin jajibere, a sake goge ta da tsumma mai laushi a wurin ɗauka. Tsohon fenti ba ya son a goge shi a bushe idan ƙura ta hau, domin ƙurar na karce shi. A fara kwarara ruwa tukuna. Gilasai suna buƙatar gogewa ciki da waje, saboda hasken da ke zuwa ta bayan mota yana tona duk wani shatin yatsa. A wanke tayoyi, amma kada a shafa musu mai su riƙa sheƙi: taya mai walƙiya a ƙarƙashin fentin da ya kwana biyu tana fitowa kamar aro. A fitar da robobin ruwa, kwalin tishu da cajar waya, duk abin da ya nuna zamanin yau ba tare da dalili ba.

Tsatsa da koɗewar fenti ba datti ba ne. Ba a ruga wurin mai fenti saboda za a ɗauki hoto, kuma sau da yawa fentin gaggawa yana rufe layukan jikin mota da ɗaurin roba na gilasai, ya bar ta ba tsohuwa ba, ba sabuwa ba. Abin da ya ɓace kuma ake son mayarwa, kamar zakin Fijo na gaba ko murfin wili, ana iya nemansa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda kuma ake samun labarin wanda ke da irin motar idan ana neman ta.

Haske

Jikin mota madubi ne mai lanƙwasa. Abin da kyamara ke gani a kansa shi ne sararin sama da ƙasa da duk abin da ke kewaye, don haka zaɓen lokaci ya fi zaɓen kyamara tasiri. Rana tsaka ita ce mafi muni. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana hawa har ta daidaita da ka, sai rufi da bonet su ƙone da fari, gefen mota ya yi duhu, inuwa baƙa ƙirin ta kwanta a ƙarƙashi ta haɗiye tayoyi.

Lokaci mai kyau biyu ne: daga ɓullowar rana zuwa kafin hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Littattafan hoto na Turai suna maganar awa guda ta haske mai laushi, amma a Kano ko Zariya ko Maraɗi rana tana hawa kusan a miƙe, kimanin digiri 15 a awa, saboda haka abin da ake samu bai fi minti 30 zuwa 40 ba. Dole mota ta kasance a wurinta, a goge, an juya ta yadda ake so, kafin hasken ya zo. Wanda ya iso da fitowar rana yana neman inda zai ajiye ta ya riga ya makara.

Ana ajiye mota yadda rana za ta zo ta gefe, daga bayan kafaɗar mai hoto, ta zuba a kan gefen da gaban da za a nuna. Haske mai zuwa a karkace shi ke fito da layin da ya ratsa ƙofofin 504 daga fitila zuwa but. Idan rana ta koma daidai bayan mai hoto, inuwarsa za ta miƙe ta hau motar, surar kuma ta baje ba zurfi.

Bayan rana ta faɗi akwai kamar minti 15 zuwa 20 da sama ke zama shuɗiya mai haske ko'ina. Ga mota baƙa ko mai duhun launi, babu lokacin da ya kai wannan, domin sararin yana kwanciya a jikinta sumul ba tabo. A nan ake kunna ƙananan fitilu. Lokacin ya zo daidai da sallar magariba, don haka masu yawa sun fi zaɓar takwaransa na safe, bayan an idar da asuba kafin rana ta ɓullo. Hasken iri ɗaya ne, titi ma ya fi zama wayam.

Yanayin shekara ma yana da nasa. Hazon hunturu yana tace rana ya mai da ita farin faifai, har a iya ɗauka da hantsi ba tare da inuwa mai kaifi ba. Kuɗin da ake biya shi ne ƙura: tana sauka a bonet cikin mintuna kaɗan, tana kuma shiga kyamara idan aka canja lensi a fili. Launuka kan fito a dushe, wanda yakan dace da tsohuwar mota. Damina ta fi ba da launi. Ranar da gajimare ya rufe sama, ko jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa kwalta na jiƙe, ja da kore da shuɗi suna fitowa cikakku. Sai dai farar mota a ƙarƙashin farin gajimare tana narkewa cikin sama, don haka a nemo mata bango mai duhu a baya.

Filasha ta kan kyamara ba ta da amfani a nan. Abin da take haifarwa shi ne farin tabo a fenti da lambar mota mai ƙyalli fiye da komai a hoton.

Wuri

Wurin da ya fi kowane dacewa shi ne wanda ke da alaƙa da motar: ƙofar gidan da aka fara ajiye ta, makarantar da mai ita ya koyar, garejin bakaniken da ya riƙe ta shekara da shekaru. Idan babu wannan, a nemi bango mai sauƙi. Jan bangon ƙasa, irin na tsohon birnin Zariya ko unguwar Birni a Damagaram, yana karɓar farar mota ko shuɗiya. Gine-ginen tsofaffin unguwannin ma'aikata da na layin dogo suna dacewa da motocin shekarun 1960 da 1970. Fili buɗaɗɗe a bayan gari yana ba da sarari mai tsabta da zai kwanta a jikin mota.

Kafin a danna, a bi gefunan hoton da ido. Turken lantarki da ya tsiro daga rufin mota, da wayoyi, da allon talla, da leda a ƙasa, da babur ɗin da ya leƙo ta gefe, duk ana kawar da su da taku biyu zuwa hagu ko dama, ko da tura motar gaba kaɗan. A bar tazara tsakanin mota da bango, mita biyar ko fiye, don ta rabu da shi. Inuwar dalbejiya tana da daɗin tsayuwa amma tana yayyafa wa fenti tabon haske da duhu. In za a shiga inuwa, a shiga cikakkiya ta gini.

Ba a ɗaukar hoto kusa da bariki, ofishin 'yan sanda, filin jirgin sama ko shingen jami'an tsaro. A ƙofar fada, tashar jirgin ƙasa ko gidan wani, a nemi izini tukuna. A unguwa kuma, gaisuwa da mai unguwa ko dattawan da ke zaune a dakali tana sauƙaƙa komai, har ta kai su taya korar yara daga gaban kyamara.

Nisa, tsayi da kusurwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayuwa kusa. Salun ɗin 504 tana da tsawon kusan mita huɗu da rabi. Wanda ya tsaya mita 2 daga fitilar gaba, bayan motar yana nesa da shi kusan mita 6 da rabi, saboda haka gaban zai fito kamar ninki uku na baya: hanci ya kumbura, but ya tsuke. Idan ya ja da baya zuwa mita 10, baya yana kusan mita 14 da rabi, bambancin ya ragu ƙwarai, motar ta koma yadda ido ya san ta. Nisa ne ke gyara sura. Aikin lensi kawai ya jawo abin da ke nesa ya cika hoton. A kyamara mai cikakken faifai, lensi na milimita 70 zuwa 135 shi ya fi dacewa, na 50 ma yana yi. Babbar kyamarar waya tana daidai da milimita 24 zuwa 26, wato mai faɗi ce, don haka a danna 2x ko 3x a ja da baya. Kada a wuce iyakar da wayar ke da lensinsa na gaske, domin abin da ya wuce nan yankan hoto ne kawai.

Tsayi shi ne na biyu. Daga tsayin idon mutum a tsaye, mota tana fitowa yadda kowa ke ganinta a bakin titi, rufi ya yi yawa. A durƙusa har kyamara ta daidaita da fitilun gaba, kimanin santimita 60 zuwa 70 daga ƙasa. Daga nan tayoyi huɗu suna zama daram, rufi ya fita a kan sarari, kuma tsayin ƙafar 504, wanda ya sa ta yi suna a hanyoyin karkara, ya bayyana. Kwanciya a ƙasa gaba ɗaya tana ƙara wa mota kwarjini amma tana tona salansa da ɗigon baƙin mai.

Hoton da ake farawa da shi shi ne na kusurwar gaba, inda ake ganin fuska da gefe tare, gefen ya ɗauki kamar kashi biyu cikin uku. A matsa har tayar baya ta ɗaya gefen ta leƙo ta ƙarƙashi, don kada motar ta zama mai ƙafa uku. A karya sitiyari kaɗan yadda fuskar wili za ta kalli kyamara, ba bakin roba ba. A bar fili a gaban mota fiye da bayanta. Daga nan a zaga: kusurwar baya, gefe sosai, gaba sosai, baya sosai. A hoton gefe tayoyi su miƙe, kyamara ta tsaya daidai tsakiyar mota, gilasai duka a rufe ko duka a buɗe.

Kowace mota tana da inda aka fi gane ta. A 504 fitilun gaba ne masu kusurwa huɗu a karkace, da murfin but da ke karyewa ya gangara ƙasa. Wannan karyewar ba ta fitowa sai a hoton gefe ko kusurwar baya. A wagon, rufin da ke ɗagawa ta baya ne. A 404, fitilu masu da'ira da fikafikan baya masu tsini. Bitil, wadda aka harhaɗa a Legas daga 1975 kuma aka rufe ƙera ta a Meziko a 2003 bayan an yi fiye da miliyan 21, gaba ɗayanta lanƙwasa ce, gefe sosai ya fi nuna ta. Motar da aka shigo da ita Najeriya kafin a koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972 takan zo da sitiyari a dama. Idan aka ci karo da irinta, a zaɓi kusurwar da za ta nuna hakan ta cikin gilashi.

Ƙyalli da saitin kyamara

Haske yana barin fenti a kan kusurwar da ya sauka, don haka abin da ke bayyana a ƙofar mota ana iya gano inda yake a kawar da shi, ko mai hoto ya matsa. Shi kansa yana cikin abubuwan da ke bayyana, musamman a murfin wili da bamba. Farar riga tana fitowa fili a jikin baƙar Marsandi. Tufa mai duhu da nisa su ne maganinta. 'Yan kallo su koma bayan mai hoto, nesa.

Akwai gilashin tace ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin lensi, ana sayar da shi da sunan CPL. Ana juya shi a hankali ana kallo har ƙyallin gilashin gaba ya ɓace a ga kujeru, ko na ƙofa ya ragu launi ya fito. Ba ya iya share gilashin gaba da gefen mota a juyi ɗaya. Wanda ke son duka biyu sai ya kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku ya ɗauki hoto biyu ya haɗa daga baya. Ba ya aiki a kan ƙarfe tsirara kamar bamba. Yana cin haske, kusan rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, wani lokaci kuma yana fito da ɗigo-ɗigo a gilasan gefe, wanda daga yadda aka gasa gilashin ne. Kada a share ƙyalli duka: shi ke nuna wa ido inda ƙarfe ya lanƙwasa, mota marar ƙyalli kuwa tana fitowa kamar an zana ta a kwali.

Don mota ta fito tar daga gaba zuwa baya, ƙofar haske ta kasance f/8, ISO 100, saurin ƙiftawa kuma ya bi abin da haske ya bayar. Idan ya sauka ƙasa da 1/125 da dogon lensi, a kafa mariƙi. A saita ido a kan fitilar da ta fi kusa. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mai da komai toka-toka, saboda haka farar mota tana fitowa da duhu, baƙa kuma da haske fiye da kima. A ƙara wa fara kusan mataki ɗaya, a rage wa baƙa rabi zuwa ɗaya. A waya ana yin haka da taɓa jikin motar a allo a ja alamar rana sama ko ƙasa. Inda na'ura ke da RAW a yi amfani da shi, don yana barin damar ceto sama da inuwa.

Ciki, inji da ƙananan abubuwa

Cikin mota ana ɗaukarsa a inuwa, da ƙofofi a buɗe don haske ya shiga. A miƙe sitiyari, a daidaita kujeru. Farin kwali ko farin zane da wani ya riƙe a ƙofar ɗaya gefen yana cika duhun ƙarƙashin dashbod. Hoto ɗaya daga kujerar baya ta tsakiya yana kama dashbod gaba ɗaya; na biyu daga kujerar direba. A nan lensi mai faɗi yana da amfani. Abubuwan da za a matsa kusa da su, da ƙofar haske f/2.8 zuwa f/4: agogon kilomita da adadin da ya tsaya a kai, giyar hannu da ke jikin sitiyari a 404 da 504 na farko-farko, rediyo mai kaset, wurin da tafin hannu ya goge sitiyari har ya yi santsi, robar totur da ta cinye, makulli da abin da aka ɗaura masa.

Injin 404 da 504 a kwance yake a karkace, wanda ya sa bonet ɗinsu bai yi tudu ba. A ɗauke shi daga sama ta gefe, a inuwa, bayan ya huce. Na Bitil yana baya, ba shi da lagireto domin iska ke sanyaya shi, but kuma yana gaba. Gyare-gyaren bakanike, irin su waya da aka ɗaure tiyo da ita ko kafireta ta wata mota, kada a ɓoye su. Tarihin yadda motar ta rayu ne.

Tsohuwar lamba, irin ta kafin 1992 mai farawa da haruffan jiha kamar KN ko KD, ta cancanci hotonta daban idan mai motar ya ajiye ta. Haka rasit na saye da littafin sabis da farantin lambar bodi da ke ƙarƙashin bonet. Waɗannan na albam ɗin gida ne. Wanda za a sa a intanet, a rufe lambar da ke aiki da duk wata takarda mai suna ko adireshi.

Mai mota da tsohon hoto

Mutum ya fi sakin jiki idan yana yin abin da ya saba: buɗe ƙofa, duba mai, goge gilashi, zama da gwiwar hannu a taga. A bar shi yana ba da labarin motar ana ɗauka. Idan zai tsaya, ya tsaya kusa da ƙofar direba ko bayan tayar gaba, kada ya rufe fuskar mota. Babbar riga da hula suna cika hoto, don haka a ƙara ja da baya.

Gidaje da yawa suna da hoton ranar da aka kawo motar, mai gida na jingine da bonet, yara a jere. Maimaita wannan hoton yana daga cikin abubuwan da suka fi daraja a aikin. A riƙe tsohon a hannu, a nemo wurin, a matsa gaba da baya har girman mota da na ginin da ke bayanta su daidaita da na da, a lura da inda inuwa ta faɗi don a san lokacin da aka ɗauka. Kowa ya koma inda ya tsaya. Inda wani ya rasu, wasu iyalai kan bar gurbinsa, wasu su sa ɗansa ko jikansa. Su za su zaɓa, ba mai hoto ba.

Shi kansa tsohon hoton a kwafe shi. A shimfiɗa shi a inuwa kusa da taga, waya ta daidaita da shi sosai, ba filasha. In da na'urar sikana, a sa ta a 600 dpi. Wanda ya manne da gilashin firam ko ledar albam kada a ɓanɓare shi, a ɗauka yadda yake.

Sau da yawa motar farko ta riga ta tafi: an sayar, ko ta ƙare a hannun masu gwangwan. Ana iya aron irinta, mai launi ɗaya in an samu, a ɗauki mutumin a ciki. Hannu yakan tuna inda giya da makunnin fitila suke tun kafin mai shi ya tuna. Sharaɗi ɗaya ne, a rubuta a bayan hoton cewa irinta ce, ba ita ba, don kada jikoki su gaji kuskure.

Mota tana tafiya

Idan birki da tayoyi suna da lafiya, a nemi hanyar da ba kowa. Mai hoto ya tsaya nesa da kwalta, ya sa ƙiftawa a 1/60, ya bi motar da kyamara tana wucewa a kan kilomita 40 a awa, ya danna ba tare da ya tsayar da juyin jikinsa ba. Mota za ta fito tar, baya ya ja, tayoyi su nuna juyi. Yawancin hotunan za su lalace, don haka a maimaita wucewar. A hanyar ƙasa, ƙurar da ta taso a baya da rana a gefe tana ba da motsi ko da ƙiftawa mai sauri. Direba ba ya riƙe waya, kuma ba a leƙowa ta tagar wata mota a kan titi mai cunkoso.

Gyara da adanawa

Gyara a Lightroom ko Snapseed ya tsaya a kan daidaita karkata, rage hasken sama, buɗe inuwa kaɗan, da cire leda ko waya da ta kuɓuce. Launin fenti ya zauna yadda yake. Mai mota ya san shuɗin motarsa, zai kuma gane idan an ƙara masa gishiri. Rinin ruwan ƙasa da ake sa wa hoto don ya yi kama da na da ba ya ƙara komai ga motar da shekarunta ke jikinta. Baƙi da fari yana taimakawa idan launukan baya sun yi hayaniya, amma a ajiye mai launin ma.

WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi kai tsaye, don haka a tura a matsayin fayil. A ajiye asali a wuri biyu, ɗaya ba a waya ba. Waɗanda aka zaɓa, goma zuwa goma sha biyar, a kai su a wanke a takarda mai kyau, a ajiye nesa da rana da damshi. A bayan kowanne, da fensir mai laushi ko alƙalamin da ba ya ratsa takarda, a rubuta irin motar da shekarar ƙerawa, shekarar da aka saya, sunan mai ita da na waɗanda ke cikin hoton, wurin da aka ɗauka da kwanan wata.